Injin Da Ke Ƙin Tashi In Ya Yi Zafi

Kun sha ganin injin dizal, na ruwa ko na tarakta, ya tashi lafiya da asuba, amma in an kashe shi da tsakar rana sai ya ƙi tashi har ya huce. Galibi famfon mai ne ya cinye. Da zafi mai yakan tsinke, ya zurare ta gefen ƙarfen da ke tura shi, watau ba ya isa cikin injin da ƙarfi. Amma a fara duba batir, da matatar mai, da ko iska ta shiga bututu. In waɗannan lafiya suke, a aika da famfon wurin makanike. Kada direba ya kwara masa ruwan sanyi, yana iya kamewa. Ƙura da ruwa da kananzir cikin mai su ke cinye famfo, lalle a riƙa tace mai.