Jawabi Kan Mastan Birki na Tsofaffin Motocinmu

Shugaba, dattawa, ƴan uwa mazauna Lamisula, Allah ya saka da alheri da kuka ba ni dama.

Ni ba bakanike ba ne, ɗan kasuwa ne, amma Peugeot 404 a-kori-kura ce ta ciyar da gidana shekaru masu yawa. Tun da aka fara haɗa Peugeot a Kaduna a 1975 jama'armu suka rungume ta, har yau akwai masu lallaɓa 504 ɗinsu.

Masta shi ne ɗan bututun nan da ke ƙarƙashin kofin man birki. In ka taka birki, shi ke tura mai zuwa ƙafafu. Na motocin da, layi ɗaya gare shi: tiyo ɗaya ya fashe, ƙafa huɗu duk sun tafi. Mai layi biyu kuwa, in ɗaya ya zube ɗayan zai riƙe ka. Shi ya sa Amurka ta wajabta shi tun ƙarshen shekarun 1960. Wanda tasa ke da layi ɗaya, don Allah ya canza.

Sai dai a kula da faɗin ramin. Na taɓa cewa wani bakanike ya sa min babba, wai ya fi ƙarfi. Ashe ba haka ba ne. Babban rami yana sa feda ta yi tauri, amma matsin da ke isa ƙafa ya ragu. Cikin Maiduguri ban gane ba, gari ne shimfiɗaɗɗe. Sai a gangaren Biu, da buhunan wake a baya, na tsaya kan feda da ƙarfina duka, mota na ta tafiya. Giya da birkin hannu suka cece mu, da ikon Allah. Ƙaramin rami kuma, feda sai ta kusa taɓa ƙasa. A nemi daidai da na asali, a fitar da iska ƙafa-ƙafa.

Man birki yana shan ruwa, in ya yi zafi ya tafasa. Wanda motarsa ta kwana cikin ambaliyar Alau ta Satumbar 2024 bai zubar da tsohon mai ba, ya je gobe. Masu zuba ruwan sabulu kuwa, tsatsa kuke kiwo, kuma ƴaƴanmu ne ke tsallaka titin nan zuwa Islamiyya.