Shata ya tafi, wa zai kira sunan mutanen Kakangi?

Ga rubutun shirin saboda waɗanda data ba ta ishe su saurare ba.

Yau hirar Alhaji Dakta Mamman Shata za mu yi. Na san wani zai ce, "Kai kuma ana maganar tsaro da tsadar taki, ka kawo mana kalangu?" Yi haƙuri ɗan'uwa, ka bi ni zuwa ƙarshe.

Ina yaro a Kakangi, kawuna direban babbar mota ne, yana ɗaukar masara zuwa Funtuwa. Duk ranar da ya ɗauke ni, kaset ɗin Shata ne a motar daga gida har mu sauka. Muna shiga Funtuwa zai ce, "Ɗana, nan ne garin mutumin." A lokacin ban san abin da nake ji ba. Sai da na je jami'a na ga ana rubuta kundin digiri a kan waƙoƙin nan.

An haifi Shata a Musawa, cikin jihar Katsina ta yanzu, a 1923. Mahaifinsa, Ibrahim Yaro, bai so ya yi waƙa ba, domin a wurinsa waƙa roƙo ce, kuma gidansu ba gidan maroƙa ba ne. Yaron ya yi tallan goro da alewa, yana yi yana waƙa a dandali. Daga baya ya zauna a Bakori, sannan Funtuwa da Kano. Abin da ya bambanta shi: ba ya zama ya rubuta, ba ya bita. Makaɗa su saki kalangu, 'yan amshi su karɓa, shi kuma ya gina waƙar nan take a gaban jama'a.

Ya yi wa sarakuna, ya yi wa attajirai, ya yi wa direbobi da mata da 'yan kasuwa. Da Amurka ta tura kumbon Apollo 11 duniyar wata a 1969, ya yi masa waƙa. Ya yi Bakandamiya, inda ya wasa kansa. Ya yi ta yabon Annabi (SAW), kuma shi ɗin dai ya yi "A Sha Ruwa", wadda malamai suka yi ta suka. Ni ma ban yarda da saƙonta ba. Amma mutumin bai ɓoye ko wane ne shi ba. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa, wanda bai yi boko ba ya zama Dakta. Ya rasu ranar 18 ga Yuni, 1999 a Kano, aka binne shi a Daura. Allah Ya jiƙansa.

Irin wannan mawaƙi akwai shi a wasu ƙasashen. A Birazil an yi Cazuza, mawaƙin kiɗan rok kuma marubucin waƙa, haifaffen Rio de Janeiro a 1958. Ya fara da ƙungiyar Barão Vermelho, ya ware a 1985, ya yi waƙar da ta caccaki cin hanci a ƙasarsa. A 1989 ya fito fili ya ce yana ɗauke da cutar ƙanjamau, lokacin da ake ɓoye ta kamar abin kunya. Ya mutu a 1990 yana da shekara 32. Rayuwarsa ba abar koyi ba ce a wurinmu, amma maganar da ya yi ta sa mutane da yawa suka daina ɓuya.

To ga inda na dosa. Ku duba Hassan Sarkin Dogarai ko Indon Musawa. Da yawanmu ba mu san fuskarsu ba, amma mun san sunansu, saboda Shata ya kira su. Waƙa rajista ce, kuma ta fi takarda daɗewa a bakin mutane.

Yanzu mu dawo gida. Shekarun da 'yan bindiga suka addabi Birnin Gwari, dandali ya mutu. Biki ya koma ɗaurin aure da hantsi, kowa ya watse kafin la'asar. Manomi ya bar gonarsa, direba ya hau hanyar Kaduna da kalmar shahada a bakinsa. Kawun nan nawa ya ajiye tuƙi bayan an tare su a hanya, har yau ba ya son a tayar da zancen. Mutanenmu da suka rasu sun zama lamba a labaran rediyo: mutum kaza, ƙauye kaza. Wa ya kira sunansu?

Muna da samari masu murya, wallahi muna da su. Amma da an ce siyasa ta zo, duk sai a ruga sutudiyo a yi wa ɗan takara. Ban hana kowa neman abinci ba, Shata ma ya ci da waƙa, har siyasar ya taɓa. Sai dai bai tsaya a ƙofar masu mulki kaɗai ba.

Don haka ga roƙona. In kana da baiwar waƙa, ka yi ɗaya tak a kan wani namu: ungozomar unguwarku, malamin da bai gudu ba, direban da ya kai mara lafiya asibiti cikin dare. Ka nemi izinin iyalansa, kada ka faɗi abin da zai jefa wani cikin haɗari. In ba ka iya waƙa, wayarka ta isa: zauna da Kaka ko Inna, ka naɗi waƙoƙin daka da na gayya kafin su tafi da su.

Ni na fara da kawuna. Ya ƙi maganar hanya, amma da na kunna masa Shata, ya yi awa guda yana ba ni labarin Funtuwa.

Ku ajiye mana a ƙasa: wa kuke so a yi wa waƙa a garinku? Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.