Wa Zai Biya? Inshorar Mota da Haƙƙin Wanda Aka Buge

 

Tun 1945 doka ta wajabta wa mai mota a Najeriya inshorar da ke kare wanda ya buge a hanya.  Hujjata ɗaya ce: takardar inshorar nan alkawarin biyan kuɗi ce, mu kuwa mun mayar da ita abin nuna wa ɗan sanda a shinge.

Ku dubi lissafin. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗin inshorar motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara. An yi ta kuka da ƙarin, amma ba a cika faɗin ɗaya ɓangaren ba: iyakar abin da kamfani zai biya kan dukiyar da aka lalata ta tashi daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Idan direba ya rushe rumfar mai shayi ko ya murƙushe keke napep, laifin nasa ne, amma biyan na kamfanin inshora ne har miliyan 3. Abin da ya haura, shi ne ke kan mai mota. Rauni da asarar rai kuwa, wannan iyaka ba ta shafe su ba. Gyaran motar mai laifin dai ba ya ciki. Naira 15,000 ke riƙe da miliyan 3, ninki ɗari biyu!

To me ke faruwa in an yi haɗari? A taru a ofishin 'yan sanda, dattawa su sa baki, a ce ƙaddara ce, a yafe. Ko dai marayu su koma hannu rabbana, ko direba ya sayar da motar da yake ci da iyali. Ba wanda ya nemi kamfani, don sau da yawa takardar ta jabu ce, an saye ta hannun 'yan cuwa-cuwa a bakin ofishin lasisi.

Wasu abokan aikina na cewa mutanenmu addini ne ya hana su rungumar inshora. Ban yarda ba. A fiƙihun Malikiyya diyyar kisan kuskure tana kan dangin uban wanda ya yi kisan, su biya cikin shekara uku. Raba nauyin tsautsayi ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mai gudun riba kuma ga takaful, inshorar Musulunci: NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa tun 2013, Jaiz Takaful da Noor Takaful suna aiki.

'Yan sanda sun fara kamen masu mota marasa inshora a Fabrairun 2025. Kame ba ya biya wa kowa kuɗin asibiti. Ga abin da na daɗe ina nema. Duk rahoton haɗari ya ɗauki sunan kamfanin inshora da lambar takarda. Mai mota ya bincika lambar motarsa a rumbun bayanan inshora na NIID kafin ya bar wurin saye. Ƙungiyoyin direbobi su riƙa bin haƙƙin mambobinsu har ya fito. NAICOM kuma ta riƙa bayyana wa jama'a, kamfani bayan kamfani, nawa aka nema, nawa aka biya. Kamfanin da ke karɓa ba ya biya, a ƙwace lasisinsa.