Ƙungiyar Compass da Wasan Kwaikwayon da Ba a Rubuta Zancensa



An nemi mu ɗan yi tsokaci a kan tarihin wasan kwaikwayo, to sai muka zaɓi mu ɗauki ƙungiya guda ɗaya mu bi sawunta, tun da Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. Ƙungiyar kuwa ita ce Compass, wadda aka kafa a birnin Shikago na ƙasar Amurka a shekarar 1955. Duk wanda ya taso yana kallon tashe ko 'yan kama a gida, ba zai sha wahalar gane irin wasanta ba, domin 'yan wasan ba su haddace komai. An san inda labari zai dosa, amma zancen a bakin mai wasa yake fitowa nan take.

Tushen abin yana wajen wata malama mai suna Viola Spolin. Wajen ƙarshen shekarun 1930 ta yi aiki da 'ya'yan baƙin haure a unguwannin talakawan Shikago, yaran da da yawansu Ingilishi bai zauna a bakinsu ba. Ba ta ba su takarda su karanta ba, sai ta ƙirƙiro musu wasanni waɗanda ke sa yaro ya saki jiki, ya saurari ɗan uwansa, ya mayar masa da martani. Ɗanta Paul Sills ya tashi a cikin waɗannan wasanni.

Shi kuwa David Shepherd ɗan gidan masu hali ne daga New York, ya zo Shikago da kuɗin gadonsa da kuma buri guda. Yana son ya kafa dandalin da leburori da ma'aikatan masana'antun ƙarfe za su zo su ga rayuwarsu a kan dandamali. Shi da Sills suka haɗa kai, suka samu wani ɗaki a jikin wata mashaya a unguwar Hyde Park, kusa da Jami'ar Shikago, suka buɗe a watan Yulin 1955.

Tsarin wasansu kashi uku ne. Da farko sai su ɗauki jaridar ranar su kwaikwayi labaranta. Sa'an nan su yi babban wasa, wanda ƙashin labarinsa kawai aka rubuta. Daga ƙarshe kuma sai su nemi 'yan kallo su faɗi abin da suke so a kwaikwaya, a yi shi nan take. Wannan kashi na uku ya samo asali ne daga bukatar mai mashayar, wanda ya so a tsawaita wasa domin mutane su daɗe suna ciniki, amma shi ne ya fi shahara daga baya.

To, jama'a, a nan ne burin Shepherd ya gamu da cikas. Leburorin da ya gina gidan dominsu ba su zo ba. Ɗalibai da malaman jami'a ne suka cika kujerun, su kuma 'yan wasan, irin su Mike Nichols da Elaine May, 'yan boko ne, saboda haka barkwancin ya koma kan abin da ɗan boko ya sani. Ga shi kuma samar da sabon labari kowane mako ya gagara, aka koma gajerun wasanni na ban dariya.

Duk da haka ba a tashi a tutar babu ba. A reshen da suka buɗe a St. Louis a 1957 ne aka tsayar da ƙa'idar da har yanzu ake koyarwa: kada ka ƙaryata abin da abokin wasanka ya kafa. In ya ce a kasuwa kuke, to a kasuwa kuke, sai ka ɗora a kai. Ƙungiyar ta watse kafin ƙarshen shekarun 1950, amma a Disambar 1959 Sills da abokansa suka buɗe gidan wasa na Second City, wanda ya yaye fitattun 'yan barkwancin Amurka masu yawa. A 1963 Spolin ta wallafa littafin da ya tattara wasanninta. Nichols kuwa ya zama babban daraktan fim.

Mu da muke zaune a birane, wannan tarihi ya taɓa mu. Shepherd yana da kuɗi, yana da kyakkyawar niyya, amma ya kafa dandalinsa a ƙofar jami'a, ya ɗauko 'yan wasa daga cikin irinsa, sa'an nan ya zauna jiran talaka. Spolin kuwa ta je inda yaran suke, ta bar su suka yi magana da bakinsu, kuma hanyarta ce ta ɗore. Duk ranar da matasanmu na gida suka nemi mu tallafa wa wasansu, mu tambayi inda za a yi shi da waɗanda za su hau dandamalin kafin mu tambayi nawa zai ci.