Kankare ko Intalok: Shawara Kan Daɓen Bakin Ruwa a Garinmu

 

An nemi mu ce wani abu game da muhawarar da ta taso a kan daɓen da za a kewaye rijiyoyin burtsatse da famfunan unguwanninmu da shi. Wasu sun ce a zuba kankare, wasu kuma sun ce a jera ƙananan bulullukan nan da ake kira intalok, irin waɗanda suka saba gani a birane. Maganar ba ta ado ba ce kaɗai, domin kuɗin guminku ne za a kashe, kuma lafiyar 'ya'yanmu ce a ciki.

Allah Ya albarkaci Goronyo da ruwa. Madatsar da aka kammala a kan Gulbin Rima a shekarar 1984 an gina ta ne don ta riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 942, ga kuma fadamun da muke noman shinkafa da albasa da tafarnuwa, mu da 'yan uwanmu na Wurno da Rabah. Amma ambaliyar shekarar 2010 ta tuna mana cewa yawan ruwa daban, tsabtarsa daban. Abin da ke kare ruwan sha shi ne yadda aka gyara bakinsa.

Kankare yana da falala ɗaya babba, ita ce rashin gaɓa. Idan aka zuba shi da kyau, ƙazamin ruwan wanki da na dabbobi ba ya samun kafar komawa cikin rijiya. Aibinsa kuwa tsagewa. Ƙasarmu ta kusa da fadama laka ce, tana kumbura da damina, tana darewa da bazara, ga zafin watan Afrilu da kan haura digiri 40. Daɓen da ya tsage, facinsa ba ya daɗewa.

Shi kuwa intalok a kan yashi ake jera shi, saboda haka yana bin motsin ƙasa ba tare da ya fashe ba. In bututu ya lalace a ƙarƙashinsa, sai a ɗaga bulullukan, a yi gyara, a mayar da su. To amma ruwa yana bi ta tsakaninsu ya nutse, ciyawa da gansakuka suna tsirowa, kuma in ba a ɗaure gefensa da siminti ba, sai ya watse a hankali.

Waɗanda suke zaune a birane sun ga wuraren ninkaya na otal-otal, wasu daga cikinsu kwami ne guda da ake ƙerawa da roba mai zaren gilashi, a binne shi a ƙasa. Masu wannan sana'a sukan fara zuba ɗamarar kankare mai rodi a kewayen bakin kwamin don ta riƙe shi, sa'an nan su shimfiɗa intalok daga baya. Wato kowanne da muhallinsa, kuma darasin ke nan a gare mu.

Saboda haka shawararmu ita ce a haɗa biyun. A kewayen rijiya da gindin famfo, kamar mita 2 ta kowace fuska, a zuba kankare mai kaurin akalla inci 4, da awon siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4. A karkata shi kaɗan zuwa magudana, magudanar kuma ta kai ruwan nesa, cikin rami mai tsakuwa, don kada ya kwanta ya tara sauro. Kada a goge samansa ya yi sumul, gudun santsi ga yara da tsofaffi. A riƙa ba shi ruwa safe da yamma har kwana 7, domin kankare sai ya yi kwana 28 yake cika ƙarfinsa. Daga nan zuwa hanya, inda ake jera jarkoki da kurar ruwa, a sa intalok mai kaurin santimita 6 a kan ƙasar da aka daddaɓe sosai.

Roƙonmu na ƙarshe gare ku shi ne kada ku aiko da kuɗi ku juya baya. Sau da yawa aiki yakan lalace ne don an rage siminti ba don an yi kuskuren zaɓi ba, kuma Hausawa sun ce araha ba ta ado. A naɗa amintattun mutane mazauna gari su tsaya a kan magina, a kuma ware wani abu domin gyara duk shekara.