Kafin ka sayi foklif, gyara daɓen sitonka

Yau zancen lodi za mu yi, kuma Birnin Gwari zan kai ku.

Kun san yankin nan rumbun masara ne. Shekara da shekaru 'yan bindigar daji sun hana noma, sun hana bin hanyar Kaduna. A watan Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar kara bayan sulhu, motoci suka dawo hanya. To, in kasuwa ta farfaɗo, wa zai ɗaga kayan?

Mu yi lissafi. Tirela mai tan 30 tana cin buhu 300 na masara mai kilo 100. Duk a wuyan 'yan dako suke hawa, ɗaya bayan ɗaya. Ku tambayi duk wanda ya tsufa a dako labarin bayansa da gwiwarsa.

A manyan sito-sito, injin da ke wannan aikin shi ne foklif, ƙaramar motar nan mai cokula biyu a gaba. Matsakaicinta na ɗaga tan 2 zuwa 3. Amma fa ku ji, foklif ba ta ɗaukar buhu daga ƙasa. Falet take ɗauka, wato dandamalin katako mai ƙofar da cokulan za su shige. Buhu 10 a kan falet tan guda ke nan, tirelar nan ta koma ɗauka 30.

Shi ya sa nake cewa daga ƙasa ake farawa. Falet ko babu inji yana da rana: yana raba buhu da danshi da gara, iska na ratsawa, masara ba ta saurin fumfuna. Kafinta ma zai haɗa maka shi. Sai daɓen siminti shimfiɗaɗɗe, don akwai jak na hannu da ke jan tan 2 ba fetur ba gas, amma ƙananan tayoyinsa ba sa tafiya a rairayi ko rami.

Na san wani zai ce, "Malam, so kake ka kashe wa 'yan dako kasuwa?" Tambayar tana kan hanya. Hannu zai ragu a bakin tirela, ba zan ɓoye muku ba. Sai dai jera buhu a falet mutum ne, tuƙi mutum ne, gyara mutum ne. In ba mu koya ba, daga Kaduna za a ɗauko masu yi.

Kuma tuƙin ba wasa ba ne. Da tayoyin baya take juyawa, in ka sha kwana da kaya a sama sai ta kife. Kada a ɗora mutum a cokulan, ko da wasa.

Masu sito, ku fara da siminti da katako. Matasa, ku nemi inda za ku koya. Ku turo ra'ayoyinku, musamman 'yan dako. Sai mun haɗu a shiri na gaba.