Fiyus Mai Gadi Ne, Ba Shi Ne Ɓarawon Ba



Mu da ke kula da kayan kiɗa mun san amfilifayar jita mai bawul, irin Fender ko Marshall, wadda ke ƙone fiyus da zarar an kunna ta. Fiyus mai gadi ne, ƙonewarsa ihu ce cewa wuta ta wuce ƙima. Wanda ya sa babba ko ya ɗaura waya a madadinsa, ya yi gyaran gangar Auzinawa, taransifoma ce za ta ƙone.

Da farko mu duba rubutun bayan akwatin. Wadda aka ƙera domin Amurka bolt 120 take sha, alhali wutarmu bolt 230 ce.

Sa'an nan mu zare filogi, mu cire bawul duka, mu sa sabon fiyus daidai da wanda aka rubuta, mu kunna. In ya ƙone, laifin yana wajen taransifoma, ko diyod, ko manyan kafasita. In ya tsaya, sai mu kashe, mu mayar da bawul mai daidaita wuta, kamar GZ34, mu gwada, daga baya manyan, wato EL34 ko 6L6. Galibi a cikin manyan nan ake kama ɓarawon.

Amma hattara! Kafasita kan riƙe bolt 400 ko fiye bayan an zare filogi. Wanda bai iya sauke wannan wuta ba, kada ya sa hannu a ciki, ya kai wa gwani. Rai ya fi kiɗa.